Ƙyanƙyasar Ƙwan Talotalo da Na'urar Gida: Jagora ga Masu Kiwo na Kongo-Rasha da Kewayen Jos

Gabatarwa

Talotalo na daga cikin tsuntsayen gida masu kawo riba mai kauri, musamman a garin Jos inda ake nemansa ƙwarai a lokacin bukukuwan Kirsimeti da sabuwar shekara, da kuma a otal-otal da wuraren biki. Asalin wannan tsuntsu daga ƙasar Meziko yake, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga nan ya bazu a duniya. Babbar matsalar mai kiwonsa ita ce tsadar 'yan tsaki da ƙarancinsu. Macen talotalo ta gida takan yi ƙwai kamar 10 zuwa 15 sannan ta kwanta a kansu, kuma da zarar ta kwanta ta daina yin ƙwai har sai ta gama raino. Idan kana kwashe ƙwan kana sa wa a na'ura, za ta ci gaba da yi na tsawon lokaci, ka sami 'yan tsaki masu yawa kuma sa'o'in juna.

An shirya wannan jagora ne domin mai ƙaramin kiwo na cikin gari, irin na unguwar Kongo-Rasha da maƙwabtanta a ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, inda gidaje ke manne da juna, fili ya yi ƙaranci, wutar lantarki kuma ba a dogara da ita. Ƙwan talotalo ya fi na kaza tsada nesa ba kusa ba, don haka kuskuren kwana ɗaya na iya cinye jarin wata guda.

1. Lokacin da ya dace a sa ƙwai

Ƙwan talotalo yana ɗaukar kwana 28 kafin ya ƙyanƙyashe, saɓanin na kaza mai kwana 21. Bayan haka tsuntsun yana bukatar wata shida zuwa bakwai kafin ya kai girman kasuwa. Saboda haka idan kasuwar watan Disamba kake hari, ka sa ƙwai a na'ura daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu. Wanda ya ƙyanƙyashe a watan Agusta zai isa Disamba da tsuntsaye marasa nauyi, ya sayar da su da araha bayan ya ciyar da su da tsada. Ka tuna kuma cewa 'yan tsakin da suka fito a Mayu ko Yuni za su tarar da damina, don haka sai ka tanadi ɗakin raino marar yoyo tun da wuri.

2. Iyayen ƙwai

Na'ura ba ta gyara ƙwai marar kyau. Ingancin abin da za ka samu yana farawa ne daga iyaye.

a) Ka haɗa namiji ɗaya da mata biyar zuwa takwas, waɗanda suka kai wata takwas ko fiye. Ka bar su tare aƙalla mako biyu kafin ka fara tara ƙwan ƙyanƙyasa.

b) Kada ka haɗa uba da 'yarsa ko wa da ƙanwarsa. Barbarar dangi tana rage ƙyanƙyasa, tana kawo 'yan tsaki masu laɓaɓɓun ƙafafu. Ka sauya namiji kowace shekara daga wani gida mai lafiyayyun tsuntsaye.

c) Manyan fararen talotalo na ƙasashen waje masu faɗin ƙirji, nauyi yana hana namijinsu yin barbara yadda ya kamata, shi ya sa manyan gonaki ke yi musu barbarar hannu. Idan irinsu gare ka, kada ka yi mamaki in yawancin ƙwan ya fito fanko. Ga mai kiwon gida, talotalon gida ko ruwa-biyu shi ya fi dacewa.

d) Ka ba iyaye abincin kaji masu ƙwai, da ganye ɗanye, da garin ƙashi ko ɓawon kawa domin ƙarfin ɓawon ƙwai.

e) Akwai cututtuka da ke bi ta cikin ƙwai daga uwa zuwa ɗa, kamar farin gudawa na 'yan tsaki da cutar kumburin fuska. Kada ka sa ƙwan tsuntsuwar da ke tari, ko zawo, ko mai kumburi a ƙarƙashin ido.

3. Zaɓe da ajiyar ƙwai

Ka riƙa kwashe ƙwai sau biyu ko uku a yini. A lokacin hunturu, sanyin daren Jos yana iya illata ƙwan da ya kwana a waje. A watannin Maris da Afrilu kuma zafin rana kan sa ɗan da ke ciki ya fara tasowa sannan ya mutu. Ka zaɓi ƙwai matsakaici mai nauyin giram 70 zuwa 90, mai santsin ɓawo da kyakkyawar sura. Ka ware mai tsaga, mai siririn ɓawo, zagayayye kamar ƙwallo, dogo fiye da kima, da wanda ya yi girma ƙwarai domin yakan zo da gwaiduwa biyu.

Kada ka wanke ƙwan ƙyanƙyasa da ruwa. A jikin ɓawo akwai wata siririyar rufa da ke toshe ƙananan ƙofofinsa daga ƙwayoyin cuta, wanki kuwa yana cire ta. In da ɗan datti, ka goge shi a hankali da busasshen tsumma. In dattin ya yi yawa, ka kai ƙwan madafa.

Ka jera ƙwai a kiret, tsininsa yana kallon ƙasa, faffaɗan kai yana sama. Zafin da ya dace da ajiya shi ne digiri 13 zuwa 18 na ma'aunin Salshiyas. A nan masu kiwo na Jos sun fi na Kano da Sakkwato sa'a, domin a yawancin shekara ɗaki mai inuwa bai cika nisa da wannan ma'auni ba. In zafi ya tsananta, ka ajiye kiret kusa da randa ko a kan jiƙaƙƙen yashi, ba tare da ruwa ya taɓa ƙwan ba. Kada ka sa shi a firji. Ka rubuta ranar da aka yi kowane ƙwai da fensir, kuma kada ajiya ta wuce kwana bakwai, domin daga nan yawan abin da zai ƙyanƙyashe yana raguwa kullum. Idan sayo ƙwan ka yi daga nesa, ka bar shi ya huta kamar awa 12 kafin ya shiga na'ura.

4. Na'ura da wurin ajiye ta

Na'urorin gida iri biyu ne. Akwai mai fanka, wadda ke zagaya iska ta daidaita zafi a ko'ina, akwai kuma marar fanka, wadda samanta ya fi ƙasanta zafi. Wasu na aiki da lantarki, wasu da batir da hasken rana, wasu da fitilar kananzir. Ko ta kanti ce ko wadda kafinta ya haɗa da katako, dole ta kasance da abubuwa biyar: abin ba da zafi mai daidaita kansa, ma'aunin zafi, farantin ruwa, ƙofofin iska sama da ƙasa, da tagar gilashi ta leƙawa. Da yake ƙwan talotalo ya fi girma, tiren da ke ɗaukar ƙwan kaza 100 ba zai ɗauki na talotalo fiye da kamar 75 ba.

Ka ajiye na'ura a ɗaki mai iska amma ba a bakin taga ko ƙofa ba, inda rana ko iskar hunturu ba za ta buge ta ba. Ka ɗora ta a kan tebur mai ƙarfi, nesa da murhu, da hayaƙin janareta, da wasan yara. Mai amfani da kananzir ya kiyaye: a unguwa mai cunkoso gobarar ɗaki ɗaya ta layi duka ce. Ka ɗora fitilar a kan faranti mai yashi, ka riƙa datse lagwani don kada ya yi hayaƙi, kuma kada ka zuba mai alhali tana ci.

Kafin ka sa ƙwai, ka wanke cikin na'ura da sabulu, ka goge ta da ruwan bilic da aka sirka, ka shanya ta bushe sarai. A da ana ba da shawarar turara na'ura da sinadarin fomalin, amma tun 2004 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya shi cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji, saboda haka kada a yi wannan turare a gidan da mutane ke kwana. Daga nan ka kunna na'urar babu ƙwai na tsawon kwana ɗaya zuwa biyu, kana duba ma'auni dare da rana. Ka gwada ma'auninka da na asibiti, domin da yawa daga cikin masu araha suna kuskuren digiri ɗaya ko fiye, kuma digiri ɗaya ya isa ya ɓata aiki.

5. Zafi

A na'ura mai fanka, zafi ya tsaya a digiri 37.5 na Salshiyas, wato 99.5 na Faranhait. A marar fanka, ya kasance tsakanin 38.3 da 38.9, kuma kan ma'aunin ya daidaita da saman ƙwai ba tare da ya taɓa shi ba. Bayan ka zuba ƙwai zafi zai sauka na wasu awoyi. Kada ka ƙara wuta, da kansa zai dawo. Daga mako na uku 'yan tsakin da ke ciki suna fitar da nasu zafin, don haka ka ƙara sa ido kada ma'auni ya haura.

Yawan zafi ya fi ƙarancinsa haɗari. Awoyi kaɗan a sama da digiri 40 suna kashe ɗan tsako, alhali yana iya jure sanyi na wasu awoyi. Idan an ɗauke wuta, kada ka buɗe na'ura. Ka lulluɓe ta da bargo, ka bar ƙofofin iska a buɗe. In ɗaukewar ta yi tsawo, ka cika kwalabe da ruwan ɗumi, ka naɗe su da tsumma, ka sa a gefe ba tare da sun taɓa ƙwai ba. Wanda ba shi da batir, ko hasken rana, ko fitilar ko-ta-kwana, gara ya jinkirta sa ƙwai har ya tanada, musamman a watannin Disamba da Janairu lokacin da sanyin dare kan sauka kusa da digiri 10.

6. Danshi da iska a kan tsaunin Jos

A cikin kwana 25 na farko, danshin cikin na'ura ya kasance kashi 55 zuwa 60 cikin 100. A kwana uku na ƙarshe a ɗaga shi zuwa kashi 65 zuwa 70. Dalili shi ne ƙwai yana zubar da ruwa a hankali ta ƙofofin ɓawonsa, kuma gwargwadon ruwan da ya fita, gwargwadon faɗin gurbin iskar da ke faffaɗan kansa. Da iskar wannan gurbi ɗan tsako ke fara numfashi kafin ya fasa ɓawo. In ruwa ya fita da yawa, ɗan tsako zai fito ƙarami ko ya manne da ɓawo. In bai fita sosai ba, gurbin zai yi ƙanƙanta, ɗan tsako ya shaƙe.

Garin Jos yana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200 daga matakin teku. A irin wannan tsawo iska ta fi sauƙi, saboda haka ruwa yana fita daga ƙwai da sauri fiye da yadda yake fita a Legas ko Zariya, kuma iskar shaƙa da ke isa ga ɗan tsako ta ɗan ragu. Wannan ya sa mai ƙyanƙyasa a Jos yake bukatar abu biyu a lokaci ɗaya: isasshen danshi da isasshiyar iska. Kuskuren da aka fi yi shi ne toshe ƙofofin iska domin a riƙe danshi ko zafi. Kada ka yi haka. In danshi ya yi ƙasa, ka ƙara faɗin ruwa, wato ka ƙara faranti na biyu ko ka sa soso mai tsabta a ciki, domin faɗin ruwa ke ƙara danshi, ba zurfinsa ba. A lokacin hunturu za ka bukaci ruwa mai yawa; a Yuli da Agusta kuwa, lokacin da iskar gari ke cike da laima, ƙaramin faranti ɗaya na iya wadatarwa. Kullum ruwan ɗumi za ka zuba, ba mai sanyi ba.

Hanyar da ta fi ma'aunin danshi tabbas ita ce awon nauyi. Zuwa kwana na 25, ya kamata ƙwai ya rage kimanin kashi 12 cikin 100 na nauyinsa. Misali, ka ware ƙwai goma ka yi musu alama, ka auna su tare ranar farko. In sun kai giram 800, to a kwana na 14 su kasance kusa da giram 745, a kwana na 25 kuma kusa da giram 705. In sun fi haka sauƙi, ƙara ruwa. In sun fi haka nauyi, rage.

7. Juya ƙwai

Uwa takan juya ƙwanta da baki sau da yawa a yini domin kada ɗan da ke ciki ya manne da ɓawo. In na'urarka ba ta juyawa da kanta, ka kwantar da ƙwan a gefensa, ka rubuta X a ɓangare ɗaya da O a ɗaya ɓangaren da fensir. Ka juya sau biyar a yini, in ya gagara sau uku. Ana son adadin ya zama mara ne domin kada ƙwai ya riƙa kwana a ɓangare ɗaya kowane dare. Mai salla zai iya ɗaura juyin da lokutan salloli biyar don kada ya manta. Ka wanke hannu ka bushe kafin ka taɓa ƙwai, kada mai ko kananzir ya shafe shi. Ka juya a hankali, yau ta dama gobe ta hagu, ka kuma sauya wa na tsakiya wuri da na gefe. Juyin mako biyu na farko shi ya fi muhimmanci. A ƙarshen kwana na 25 a daina juyi gaba ɗaya.

8. Haska ƙwai

Da dare ko a ɗaki mai duhu, ka ɗora bakin tocila mai ƙarfi a faffaɗan kan ƙwai. Ɓawon ƙwan talotalo yana da kauri da ɗigo-ɗigo, don haka ya fi kyau a jira kwana na 10.

Kwana na 10: mai rai zai nuna jijiyoyin jini kamar saƙar gizo da ɗan baƙin ɗigo mai motsi. Wanda haske ya ratsa tas ba shi da barbara. Mai jan zobe a ciki ya fara tasowa ya mutu. Ka fitar da waɗannan biyun.

Kwana na 18: mai rai ya yi duhu fiye da rabi, gurbin iska ya fito sarai.

Kwana na 25: duka ƙwan ya yi duhu in ban da gurbin iska, wanda ya kai kamar kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na ƙwan kuma ya karkata.

Duk ƙwan da ke wari ko tsatsafar ruwa baragurbi ne. Ka cire shi nan take ka binne, domin in ya fashe a ciki zai watsa ƙwayoyin cuta ga sauran.

9. Kwanakin fitowa

Bayan haskawa ta ƙarshe, ka shimfiɗa tsumma mai kaushi ko buhun algarara mai tsabta a ƙarƙashin ƙwai, ka cika farantan ruwa, ka ƙara buɗe ƙofofin iska, ka rufe na'ura. Daga kwana na 26 zuwa 27 za ka fara jin kuka ka ga ɗan huji a ɓawo. Daga huji zuwa fitowa yakan ɗauki awa 12 zuwa 24, domin a lokacin ne ɗan tsako ke janye sauran gwaiduwa cikin cikinsa. Kada ka yi gaggawar ɓare masa ɓawo. Za ka tsinka jijiya ya zubar da jini. Kada kuma ka riƙa buɗe ƙofa don nuna wa maƙwabta, domin busasshiyar iskar da ta shiga tana ƙafar da tantanin ciki ya naɗe sauran. Ka bar waɗanda suka fito su bushe su yi laushin gashi, sannan ka kwashe su a tare. Abin da bai fito ba har kwana na 30, a fitar da shi.

10. Makon farko na raino

Ɗan tsakon talotalo ya fi na kaza rauni, sanyi da jiƙa su ne manyan makasansa. Ka ɗumama wurin raino tun kafin su iso: digiri 35 a makon farko, a riƙa ragewa da kamar digiri 3 kowane mako. In sun taru a gindin fitila suna kuka, sanyi suke ji; in sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa. Ka shimfiɗa dusar katako mai kauri ka rufe ta da buhu a kwanakin farko. Takarda mai santsi tana raba musu ƙafafu. Suna da jinkirin koyon ci da sha, don haka ka tsoma bakin kowane ɗaya a ruwa, ka sa 'yan duwatsu masu sheƙi a mazubin ruwa don su ja hankalinsu kuma su hana su faɗawa. Abincinsu na farko yana bukatar sinadarin gina jiki kashi 28 cikin 100. Abincin 'yan tsakin kajin nama bai kai haka ba, sai a ƙara masa garin kifi, ko tunkuzar waken soya, ko dafaffen ƙwai.

Kada ka haɗa su da kaji ko ka sake su inda kaji ke kiwo, domin kaji na ɗauke da tsutsar hanji mai yaɗa cutar baƙin kai, wadda ba ta cika kashe kaza ba amma tana ƙarar da talotalo. Ka nemi likitan dabbobi ya tsara maka rigakafin cutar Niyukasul da ta ƙurajen fuska. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa waɗannan allurai. Tun ɓullar murar tsuntsaye a Nijeriya a watan Fabrairun 2006, cutar ta sha dawowa, har da jihar Filato. Saboda haka kada ka sayi ƙwai daga inda tsuntsaye ke mutuwa, kuma in ka ga mutuwa ta farat ɗaya mai yawa, ka sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa, kada ka yanka ko ka sayar.

11. Gano musabbabin asara

Ka fasa ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba a waje, nesa da na'ura, ka duba:

• Fanko da yawa: laifin namiji ne, ko mata sun yi masa yawa, ko ƙwai ya daɗe a ajiye.
• Jan zobe da mutuwar farko: rashin kyawun ajiya, jijjiga a hanya, ko hauhawar zafi.
• Fitowa kafin kwana na 27: zafi ya yi yawa. Fitowa bayan kwana na 29: zafi ya yi kaɗan.
• Cikakken ɗan tsako ya mutu bai huda ba: ƙarancin iska, yawan danshi, ko rashin juyi.
• Ya huda ya maƙale: danshi ya yi ƙasa a kwanakin ƙarshe.
• Cibiya a buɗe ko mai wari: datti a na'ura ko yawan zafi.

12. Ga malaman gona

Ku koya wa manoma riƙe littafi mai ɗauke da ranar sa ƙwai, adadinsa, zafin safe da rana da dare, lokutan ɗauke wuta, da sakamakon haskawa. Ku nuna musu lissafi biyu. Misali, an sa ƙwai 40, aka sami 34 masu barbara: wannan kashi 85 cikin 100 ke nan, kuma shi ke nuna ingancin iyaye. Daga cikin 34 aka ƙyanƙyashe 27: wannan kashi 79 cikin 100 ke nan, kuma shi ke nuna ingancin na'ura da kulawar mai ita. Da wannan za a san inda gyara yake. Ku shawarci sabon shiga ya fara gwada na'urarsa da ƙwan kaza mai araha, kuma kada a haɗa ƙwan kaza da na talotalo a zubi ɗaya, tun da kwanakinsu sun bambanta. Inda jari ya yi ƙaranci, ƙungiyar mata ko ta matasa na iya haɗa kuɗi su sayi na'ura ɗaya mai batir, su damƙa ta ga mutum ɗaya mai kula.

Kammalawa

Nasarar ƙyanƙyasa tana tattare da ƙwai mai kyau daga lafiyayyun iyaye, zafi marar hawa da sauka, danshi da iska daidai da yanayin Jos, juyi a kan lokaci, da haƙuri a kwana uku na ƙarshe. Ka riƙe littafinka, ka gyara abu ɗaya a kowane zubi, kuma duk lokacin da wani abu ya shige maka duhu ka tuntuɓi malamin gona na yankinka ko likitan dabbobi.